Rigar Sanyi Mai Dogon Hannu

Tun da na yi wayo ban taɓa jin Inna ta kira sunan yayana ba. Shi ne ɗanta na fari, ita kuwa mutuniyar da ce, cikin waɗanda suka riƙe kunyar ɗan fari tamkar farilla. Ba ta haɗa ido da shi, ba ta miƙa masa abu hannu da hannu. In ya shigo gida ya durƙusa ya gaishe ta, sai ta juya fuska wajen murhu, ka ce tukunya ce ta yi gaisuwar. In maganarsa ta kama dole, sai ta ce "wancan", ko "mai jirgi", domin tun yana saurayi sana'arsa ke nan, fiton mutane da kaya tsakanin Yelwa da ƙauyukan tsallaken ruwa.

Ni ne auta. Tsakanina da shi duk mata ne, aure ya watsa su, wata tana Shanga, wata tana Wara. Saboda haka duk abin da zai tashi daga hannun Inna zuwa gare shi, ta kaina yake bi. Tun ina ƙarami take tura ni da akushi, ta ce, "Kai wa wancan." Na girma, na zama mai karantar da yara a zaure, furfura ta fara fito mini, amma aikin nan bai canza ba. In ta yi kwaɗon zogale ni ne ɗan aike. In ta jiyo tarinsa ta katanga ta jiƙa sassaƙe, ni ne dai. Shi kuma in ya karɓa sai ya yi dariya ya ce, "Auta ya ƙoshi ke nan, aka tuna da mu." Yakan ce ni ɗan Inna ne, shi ɗan kogi ne. Da wasa yake faɗa, kowa ya yi dariya. Sai dai na daɗe da lura cewa in ya faɗi maganar nan ba ya kallon fuskar kowa.

Ni kuwa Inna ta raba ni da ruwa tun ina yaro. Takan ce ta ba kogi ɗaya, ba za ta ba shi biyu ba. Sa'o'ina suna ninƙaya a bakin kwata inda jirage ke tsayawa, ni ina zaune kan tudu ina tsaron rigunansu. Haka na tsufa ban iya iyo ba, abin da ake yi wa mutumin Yauri dariya a kansa.

Shekarar da abin ya faru, ɗiyar yayana ta haihu a wani gungu, wato ƙauyen da ruwa ya kewaye, can ɓangaren Ngaski. Jikansa na fari ke nan ta wajenta. Ya ce shi zai kai ragon suna, ni kuma in yi addu'a. Sanyi ya kai tsakiyarsa a lokacin, irin wanda mutum zai tsaya gaban butar alwala yana shawara da zuciyarsa. Muka shirya mu biyu za mu tashi da an sallame asuba, mata su biyo baya a babban jirgi in rana ta ɗaga.

Da na dawo masallaci na sa babbar rigata na shiga gaishe da Inna. Na iske matan maƙwabta sun riga ni, sun kewaye kaskon wuta a ɗakinta suna jiran gari ya waye, ana ta hirar kayan barka. Na gaishe ta. Ta jawo wani ƙunshi daga ƙarƙashin gado ta turo mini da ƙafa, ba ta ko dube ni ba.

"Ungo. Bisa ruwa da sanyi."

Na kwance ƙunshin, sai ga rigar sanyi ta gwanjo, mai kauri, ruwan ƙasa, cikinta kamar bargo. Makon nan duk ina fama da tari, saboda haka ban yi wani tunani ba. Na yi godiya na ɗora ta kan babbar riga. Ta sauko mini har gwiwa, hannuwanta suka wuce yatsuna suna reto. Na ce a raina idon tsohuwa ne, ta ga mai kauri ta ɗauka.

A bakin ruwa na tarar da Yaya ya riga ya ɗaure ragon a tsakiyar jirgi. 'Yar shara ce a jikinsa, da wani tsohon ƙyalle da ya naɗe kunnuwansa da shi. Dogon mutum ne, ni kuwa na ɗauko gajartar mahaifinmu. Ya haska ni da tocila daga sama har ƙasa.

"A'a, Malam! Ina ka baro hannuwanka? Ko haddi aka yi maka ban ji ba?"

Na ce, "Inna ta ba ni."

"Ai na sani. Wa za ta ba in ba kai ba? Shigo, ɗan gata, ka riƙe mini ragon ga. Ka zauna wuri guda, don Allah, kada ka tashi yi mini wa'azi a tsaye."

Ya tura jirgin da gora har ya rabu da taɓo, sannan ya ja inji.

Wanda bai san ruwan nan namu ba zai ɗauka fili ne shimfiɗaɗɗe. Amma a ƙarƙashinsa akwai gonaki da kasuwanni da maƙabartu, garuruwan da aka tashi lokacin da aka datse kogi a Kainji. Mutane sun tashi, itatuwa ba su tashi ba. Suna nan tsaye a cikin ruwa, sun bushe sun yi tauri. Da bazara in ruwa ya ja, sai ka ga kawunansu baƙaƙe sun leƙo. Da sanyi kuwa, lokacin da sabon ruwa ke saukowa daga nesa ya cika tafki, sai ya rufe su da abin da bai fi taki ɗaya ba. A ɗaya daga cikin garuruwan nan aka haifi Yaya, kuma ya san itatuwan nan kamar yadda na san baƙaƙen da ke kan allo. Yakan nuna ruwa tsagwaro ya ce, "Ga tsamiyar bakin kasuwa," ya kauce mata.

Ranar nan tururi ya tashi a kan ruwa, fari fat, har ba ka ganin abin da ke gaban hancin jirgi. Ya rage wutar inji muna tafiya a hankali. Ina jin shi a bayana yana hura hannuwansa, yana ɗan rera wani abu don ya manta da sanyi. Na ce ko in ba shi rigar ya ɗan sa. Ya ce, "Rufa mini asiri. Ka koma da mura a ce ni na tuɓe ka?"

Mun yi nisa, gari ya fara haske, sai ragon ya firgita. Ya yi tsalle, igiya ta harɗe masa ƙafar gaba, ya faɗi yana shure-shure. Tausayinsa ya kama ni, na miƙe in kwance shi. Na ji Yaya ya ce, "Zauna!" A daidai nan cikin jirgin ya gogi kan wani kututture. Ba wani karo mai ƙarfi ba ne, da ina zaune da sai dai mu ce subhanallahi mu wuce. Jirgin ya karkata. Na kai hannu in kama gefensa, amma abin da ya taɓa katakon ba tafina ba ne, hannun rigar nan ne. Ya zame. Na tafi da baya.

Na sha jin ana cewa ruwan sanyi, amma ban san shi ba sai ranar. Bai yi kama da jiƙewa ba. Ji na yi kamar an ɗaure mini ƙirji da igiya an ja da ƙarfi. Na buɗe baki in ja numfashi, ruwa ya cika shi. Babbar riga ta buɗe ta lulluɓe mini fuska, rigar sanyin kuma ta sha ruwa ta zama kamar buhun gero a kafaɗuna. Ina ta duka da hannuwa, amma hannuwan suna cikin tsumma, babu abin da suke kamawa. Hasken da ke sama ya yi ta ƙanƙancewa. Na fara kalmar shahada a zuciyata, kuma na tuna na yi mamakin yadda ta zo mini a natse, alhali jikina duk yana hauka.

Sai na ji an damƙi wuyan rigata ta baya.

Yaya ne. Ya kashe inji ya faɗo. Ta baya ya kama ni, yadda masunta ke yi don kada wanda ke nutsewa ya rungume su su tafi tare. Ya fito da kaina sama, na yi ta amayar da ruwa. Ya ja ni har jikin kututturen da ya kayar da ni. Ƙirya ce, wani reshenta ɗaya ya ɗan leƙo saman ruwa, kaurinsa bai wuce na taɓarya ba. Ya ɗora hannuwana a kai.

"Riƙe. Riƙe, na ce! Kada ka dube ni, dubi icen."

Na waiga neman jirgi. Ruwa ya riga ya tafi da shi cikin tururi. Ba mu ganinsa, sai dai kukan ragon.

Rigar tana ta ja na ƙasa. Yaya ya shiga ɓalle maɓallanta da yatsun da suka ƙage, yana shure ruwa da ƙafa don ya tsaya, yana haki. Abin ya ɗauki lokaci, kuma na san a nan ƙarfinsa mai yawa ya tafi, domin shi ma ba yaro ba ne. Da ya raba ni da ita bai sake ta ba. Ya ga yatsuna suna buɗewa da kansu daga jikin reshen, ba su jin umarnina. Sai ya zagaya rigar ta bayana, ta ƙarƙashin hamata, ya jawo hannuwanta biyu zai ɗaure ni da icen.

A nan ya tsaya. Ya dubi hannun rigar da ke riƙe a tafinsa. Ya miƙe nasa hannun ya shimfiɗa shi a kai, daga kafaɗa. Bakin ya tsaya daidai wuyan hannunsa.

"Auta," ya ce, haƙoransa suna haɗuwa, "mi ta ce da ta ba ka?"

Na ce, "Cewa ta yi bisa ruwa da sanyi."

"Da mutane a ɗakin?"

"Da su."

Ruwa yana ta dukan haɓarsa. Sannan ya yi wata irin dariya da ban taɓa ji daga bakinsa ba.

"Kai da kullum kana zaure gindin wuta. Wa ke bisa ruwa?" Ya sake duban rigar. "Tsohuwar ga. Kai, tsohuwar ga!"

Ya ja hannuwan ya ƙulla su a bayan reshen, ya ƙara ƙulli, ya jijjiga ya ga ya kama.

"To, aro na ba ka. In mun hita ka ba ni abuna."

Na roƙe shi ya tsaya mu riƙe icen tare. Ya ɗan jingina a kai, reshen ya yi ƙara ya sunkuya. Ya ce ba zai ɗauki mutum biyu ba, kuma in mun tsaya babu wanda ya san inda muke, sanyi zai gama da mu kafin tururi ya washe. Ya karkata kunne wajen kukan ragon.

"Ga jirgin can, bai yi nisa ba. Yi ta karatunka, yanzu za ka ji inji."

Ya sake ni ya tafi. Na ga furfurar kansa, ƙyallen kunnen ya riga ya faɗi. Na ga hannuwansa suna fita suna komawa, ba da saurin da na san shi da shi ba. Sai farin nan ya rufe shi.

Na yi ta sauraren inji. Kukan ragon ya yi ta nisa har na daina rarrabe shi da ƙarar da ke cikin kunnena. Na karanta abin da ya sawwaƙa. Da farko da baki, da bakin ya ƙi sai da zuci. Ayoyin da na koya wa yara shekara da shekaru suka riƙa kuɓuce mini, in kama farko in rasa ƙarshe, sai na koma Ƙulhuwallahu ina ta maimaitawa. Ƙafafuna suka ɓace mini, daga baya cikina. Makyarkyatar ma ta tsaya, wani barci mai daɗi ya fara zuwa. Hannuwana sun daɗe da sakin icen. Ƙullin nan ne kaɗai ya hana fuskata shiga ruwa.

Wani masunci ne ya tsamo ni, Bagunge, wato mutumin gungu, dattijo mai ɗan gicciye a wuya. Ya fito duba tarunsa sai ya ci karo da jirgi yana yawo, rago a ciki, babu mutum. Ya ɗaure shi a bayan kwale-kwalensa ya bi ta inda ruwa ya kawo shi, yana kira. Lokacin rana ta fito, tururi ya fara yayewa. Ya ce da ya hango ni ya ɗauka gawa ce ta maƙale. Ya yi ta fama da ƙullin ya kasa, ya zaro wuƙa. Ban san inda na samo murya ba, na ce kada ya yanka. Ya dube ni kamar mahaukaci, amma ya mayar da wuƙar, ya bi ƙullin da haƙori har ya saki.

Da ya kwantar da ni a cikin kwale-kwale na ɗaga kai na dubi jirginmu a baya. Na ce, "Yayana fa? Yana ciki?"

Ya tuɓe tasa rigar ya rufa mini, ya ƙara da buhu, ya ɗauki filafili.

Masunta sun yi kwanaki suna nema, nasu da namu, har da waɗanda ba su taɓa saninsa ba. A cikin ciyawar bakin ruwa aka same shi, can ƙasa da gungun da za mu je. Aka yi masa sutura a nan gaɓar, kamar yadda aka saba yi wa wanda ruwa ya ci. Ban samu zuwa ba, ina kwance zazzaɓi yana jujjuya ni. Jaririn kuwa sunan kakansa aka sa masa.

Inna ta zauna karɓar gaisuwa idonta a bushe. Duk wadda ta ce mata sai haƙuri, ta ce haƙuri ya zama dole. Ina jin mata a tsakar gida suna yaba mata, wai irin matan da sun ƙare. Wata kuma ta rage murya ta ce ai Allah ya taimake ta, da autan ne da ba a san yadda za a yi da ita ba. Ita ke dama mini kunu, ita ke gasa mini ƙirji da tsumma mai zafi. Ba ta tambaye ni yadda aka yi ba, ni ma ban iya farawa ba. Matata ta wanke rigar ta shanya a igiya. Rigar mai kauri ce, ta daɗe ba ta bushe ba, kuma duk kwanakin nan in Inna za ta bayan gida sai ta zagaya ta bayan rumbu don kada ta bi ta kusa da ita.

Sai da baƙi suka ɗauke ƙafa. Wata la'asar na fito na zauna a ƙofar ɗakinta ina shan ranar yamma, ita tana tsince wake a faifai. Ta daɗe tana tsincewa. Sannan ta ce, fuskarta wajen bango, yadda take yi in za ta yi maganarsa:

"Rigar ga."

Na ce, "Na'am, Inna."

"Ban samu na ce ka kai ba. Mutane sun cika ɗakin."

Ta ce tun damina take jin tarinsa da asuba in zai fita. Ta faki ido ranar da matarsa ta yi wanki, ta auna hannun rigarsa a kan igiya da zare, ta ƙulle zaren a bakin zanenta. Ranar kasuwa ta bi masu gwanjo ɗaya bayan ɗaya tana gwadawa, suna yi mata dariya, har ta samu wadda ta kai. Ta ajiye tana jiran ranar da za ta ba ni mu biyu kaɗai, sai ga ranar suna ta zo, ga sanyi, ga mata a ɗaki.

"Na ce za ka gane. Da ka sa ta a gabana na kasa cewa tuɓe." Ta tura wake gefe guda da yatsa. "Ya tahi yana cewa ta auta ce."

Na ce, "A'a, Inna. Ya gane."

Hannunta ya tsaya a kan faifan. Na ba ta labari tun daga faɗuwata, ban rage kome ba. Da na kai inda ya shimfiɗa hannunsa a kan hannun rigar, sai ta juyo ta dube ni.

"Ya gwada?"

"Hannu ɗaya ya gwada."

"Ta kai?"

"Ta kai. Daidai wuyan hannu."

Ta gyaɗa kai a hankali, kamar wadda aka gaya wa kaya sun isa lafiya. "Mi ya ce?"

"Ya yi dariya. Ya ce, tsohuwar ga."

"Marar kunya," in ji ta. Muryarta ta karye a tsakiyar kalmar. Ta ja mayafi ta rufe fuska, faifan ya zame daga cinyarta, wake ya watse a ƙasa, kaji suka taso. Ban kore su ba. Na zauna ina kallon kafaɗunta suna girgiza, babu sauti ko kaɗan, har aka kira magariba.

Daga baya na tambaye ta yadda za a yi da rigar, ko a ba ɗansa, ko a yi sadaka da ita. Ta ce, "Ba ka ce mai ita ya ce aro ya ba ka ba? Riƙe masa."

Inna ba ta daɗe ba ta bi shi. Har ta koma ga Allah ba ta faɗi sunansa ba, jaririn ma "mai sunan wancan" take ce masa, ta ɗora shi a cinya ta yi ta kallon fuskarsa, abin da ba ta taɓa yi wa mai sunan ba. Allah ya jiƙansu, ya sa ruwan nan ya zame wa Yaya shahada, ya haɗa su inda babu sauran kunya tsakanin uwa da ɗa.

Rigar tana wurina. In sanyi ya shigo nakan sa ta da asuba in zauna a zaure. Sai na naɗe hannuwan kafin in iya riƙe alƙalami. Wurin da aka yi ƙullin ya miƙe ya yi tsawo fiye da da, kuma har yanzu akwai shatin haƙoran masuncin a bakin na dama.